Manhaja ta yi aiki a kwamfutarka, ta ƙi yi a sabar

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka yi wa ɗaliban kwamfuta Hausawa a Madina, tsakanin Magariba da Isha'i.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa ɗalibai, sannunku da zuwa.

Batunmu na daren nan shi ne ɗaure bayanai. Saƙo yana iso wa manhajarku ta intanet a matsayin rubutu zalla, ko JSON ko XML, wato tsare-tsaren rubuta bayanai da manhajoji ke musaya da su. A cikin manhajar akwai ɓangaren da ke ɗaukar rubutun nan ya zuba kowane yanki a gurbinsa: suna a gurbin suna, lamba a gurbin lamba, kwanan wata a nasa gurbin. A harshen shirya manhaja na Java, kayan aikin da ake kira Jackson da JAXB ne ke wannan aikin. Kamar akawu ne da aka miƙa wa wasiƙa aka ce ya cike fam da ita, in ya ci karo da abin da bai dace da gurbi ba sai ya ajiye biro.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, ka gwada komai a kwamfutarka lafiya lau, kana ɗorawa a sabar, wato kwamfutar da ke riƙe manhajar don jama'a su yi amfani da ita ta intanet, sai ta fara amai da kurakurai. Ni dai abin da nake so ku riƙe shi ne, galibi ba abin da ka rubuta ne ya sauya ba. Akwai abubuwan da manhajarka take ara a wurin injin da take kai ba tare da ka sani ba: kalanda, agogo, tsarin haruffa, sigar Java. Ka sauya inji, ka sauya su gaba ɗaya.

Mu fara da wanda ya fi shafarmu a ƙasar nan. A ce ɗayanku ya yi wa wani mai jigilar masu Umara manhajar rajista da .NET, tsarin shirya manhaja na Microsoft. Kwamfutarsa a kan Turancin Amurka ko na Ingila take. Sabar kuwa Windows ce da aka saita kan Larabcin Saudiyya, wato ar-SA, wadda kalandarta ta asali ita ce Ummul Ƙura. Mutum ya cike fam ya rubuta 15/03/2024. Sabar za ta ɗauki 2024 a matsayin shekarar Hijira, alhali kalandar Ummul Ƙura da ke cikin .NET daga 1318 ta fara, a 1500 ta tsaya. Nan take sai ta ƙi, kuma za ku ga kalmar UmAlQuraCalendar ɓaro-ɓaro a cikin saƙon kuskuren. Wannan ma da sauƙi, tunda ya yi kuka an ji. Mai hatsarin shi ne kwanan watan da sabar ke aikawa waje. Ranar 15 ga Maris 2024 ta dace da 5 ga Ramadan 1445. Sabar ta mayar da ranar rubutu, ta aika 05/09/1445, manhajar da ke can Kano ta karɓa ta ajiye a matsayin 5 ga Satumba 1445 na Miladiyya. Ba wanda ya ga jan rubutu, amma bayanan bawan Allah sun lalace, sai ranar da aka zo neman biza a gane. Maganinsa, duk ranar da za ta bi ta waya tsakanin manhaja biyu a rubuta ta da tsarin ISO 8601, wato 2024-03-15, kuma ka faɗa wa manhajar ƙarara da wace kalanda za ta karanta. Hijira a nuna wa mai amfani a fuskar wayarsa, wannan hakkinsa ne.

Agogo ma haka. Saudiyya tana gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa 3, Najeriya da Nijar da awa 1, sabobin haya kuwa yawanci a kan UTC suke. In ka ajiye ranar haihuwa a matsayin ƙarfe 12 na dare agogon Riyad, a sabar ta koma ƙarfe 9 na daren jiya, an rage wa mutum kwana guda, fasfo ya saɓa da rajista. Ranar haihuwa ba ta buƙatar awa, a Java ku sa ta a LocalDate, wanda ke ajiye kwanan wata zalla babu awa.

Sai haruffa, kuma wannan yana min ciwo. Kafin Java 18 da ta fito a 2022, Java tana ɗaukar tsarin haruffa ne daga injin. Windows ta Larabci tana amfani da Windows-1256, wanda babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ a cikinsa. Sai ka ga Ɗanladi ya koma ?anladi, Ƙanƙara ta cika da alamar tambaya. Na sha ganin samari sun warware matsalar ta hanyar hana mutane rubuta harafi mai lanƙwasa. Don Allah kada ku yi haka. Sunan mutum ne, iyayensa suka raɗa masa. Ku ayyana UTF-8, tsarin haruffan da ke ɗauke da waɗannan haruffa duka, a wurin karanta saƙo, a wurin aika shi, da kuma a rumbun ajiyar bayanai.

Akwai kuma manhajar da ko tashi ba ta yi. JAXB yana cikin Java 8, an cire shi a Java 11 a 2018, to in sabar ta fi kwamfutarka sabuwar siga za ka ga NoClassDefFoundError, wato Java ta nemi wani ɓangare ba ta same shi ba. Haka nan Tomcat 10 da Spring Boot 3, kayan aikin gudanar da manhajar Java a sabar, sun bar sunan javax sun koma jakarta, to manhajar da ke kiran tsohon sunan na iya ƙin yin aiki. Ka buga java -version a injinan biyu kafin ka taɓa komai.

Idan kuskure ya fito, kada ka tsaya a layin farko. Gangara har zuwa Caused by na ƙarshe, a nan ne Jackson yake faɗa maka sunan gurbin da ya ƙi da layin da ya tsaya. Daga nan ka kwafo ainihin saƙon da ya iso sabar, ba wanda kake zaton an aiko ba, ka sake aika shi da curl, ƙaramar manhajar aika saƙo da hannu, zuwa kwamfutarka. In ya wuce a can, to laifin yana wurin injin.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: Malam, ni kullum UnrecognizedPropertyException nake samu, sai na kashe binciken kawai. Ya halatta?

Ɗan uwa, wannan kuskuren Jackson ne ke fitar da shi idan saƙo ya zo da gurbin da bai sani ba, kuma amsar ta danganta da wa ke aiko saƙon. In na wata manhaja ce da ba taka ba, tana iya ƙara sabon gurbi gobe ba ta yi maka sallama ba, to kashewar daidai ne, Spring Boot ma a kashe yake kawo shi. Amma ka sani, ranar da aka rubuta sunan gurbi da kuskuren harafi ɗaya, manhajarka za ta yi shiru ta bar wurin fanko. Saboda haka in ka kashe, ka sa sharaɗi a kan guraben da ba a yi sai da su, kamar lambar fasfo, saƙon da ya zo babu ita a mayar da shi da lamba 400, alamar cewa saƙon bai yi daidai ba, tare da sunan gurbin da ya ɓace.