Abin da ambaliya ke bar wa tsofaffinmu bayan ruwa ya janye

Daga laccar da wata ma'aikaciyar lafiya ta gabatar a Gombe gab da faɗuwar damina, kamar yadda aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Duk wanda ya yi wayo a garin nan bai manta da ruwan watan Agusta na 2004 ba. Gombe a gangare take, ƙasarmu kuma yashi ce, in ruwa ya taso daga tudun Akko ba ya sallama. Gari na wayewa jami'an SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, za su zo da takarda: mutum nawa suka rasu, ɗaki nawa ya rushe. Akwai lissafin da ba ya shiga takardar nan, shi ya kawo ni.

Wani dattijo a unguwarmu, shi ke buɗe masallaci kullum da asuba. Ruwa ya shigo cikin dare, babu wuta, ya laluba sandarsa bai samu ba, santsi ya kwashe shi a bakin zaure, ƙugu ya karye. Aka kira mai ɗori, aka kwantar da shi. Tunda bai mutu ba, babu sunansa a ko'ina. Har yau sai an ɗauke shi ake kai shi bayi.

Karaya ma ita ce ido ke gani. Tsoho in ya yi sati biyu a kwance, naman cinyarsa zubewa yake yi, ko ƙashin ya haɗe ƙafa ba ta ɗaukarsa. Ga mai hawan jini da ruwa ya tafi da maganinsa, kuɗin gida duk sun koma siminti da kwano, wata guda bai sha ba, sai ɓarin jiki ya shanye. Mu ce iska ce ta buge shi! Ga mai ciwon suga, wanda tafin ƙafarsa ya daina jin zafi: ya taka kwalba cikin ruwan kwata bai sani ba, gyambo ya ci, ƙarshenta a yanke ƙafar.

Kada ku ce talaucinmu ne kawai. A Amurka, lokacin guguwar Katrina a 2005, kusan rabin waɗanda suka mutu a jihar Louisiana sun kai shekara 75 ko fiye. Nan kusa, da dam ɗin Alau ya ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa har asibitin koyarwa na Maiduguri ya shiga. Ina mara lafiya zai nufa?

Tun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, aka ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adi ya wuce. Je ka firamaren da ake tsugunar da mutane: matakala ce, masai kuma na tsuguno, tsohuwa mai ciwon gwiwa sai ta ƙi cin abinci don kada ta buƙace shi.

Don haka, magani da tabarau da katin asibiti a ƙulle su a leda, a rataye a ƙusa can sama. Mai unguwa ya san gidajen da ke da tsoho a bakin kwari. In NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ta yi gargaɗi, a kai su gidan dangi a kan tudu tun da rana. Na sani, Baba, za ku ce nan aka binne cibiyarku. Kwana uku kawai muke roƙo.

Na ga Inna can ta ɗaga hannu tun ɗazu. Yaro, miƙa mata lasifikar.