Darasin Lafiyar Iyali: Inda Tsumburewar Yaro Take Somawa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau a kan tsumburewa ne, wato yaro ya gaza kai tsawon da ya dace da shekarunsa saboda ya daɗe ba ya samun abinci mai gina jiki, ga kuma yawan laulayi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57.

Tun daga cikin uwa matsalar take somawa, shi ya sa likitoci suke nanata kwanaki 1000 na farko, daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu. Yarinyar da ta ɗauki ciki alhali jikinta bai gama ginuwa ba, ita da ɗan tayin ne suke rabon abin da ta ci, kuma idan ƙarancin jini ko zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da wannan, sau da yawa akan haifi jaririn bai kai kilo biyu da rabi ba. Haka nan kwanika tana cutar da yara biyu a lokaci guda, domin na goye za a yaye shi ba shiri, na ciki kuma ya tarar da jikin da bai murmure ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki.

Sai dai uwa ba ita kaɗai take yanke hukunci a gida ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Sau nawa muka ga an tsame naman miya an zuba a kwanon maigida, mai ciki ta ci tuwo da romo? Ko kaka, cikin ƙauna, ta sa a matse dakashi a zubar, sannan ta ɗura wa jariri ruwa saboda zafin bazara? Dakashin nan shi ne kariyar farko da jariri yake samu, ruwan kuma yana iya jawo gudawa, wadda take ƙwace ɗan abin da jiki ya tara. Nono zalla ya wadatar har wata shida.

Saboda haka maigida, ka bar matarka mai ciki ta je awo, ta riƙa shan maganin ƙarin jini. Daga wata shida a kaurara kunun yaro da gyaɗa, waken suya, ƙwai ko garin busasshen kifi, kuma idan kun je asibiti ku nemi a auna tsawonsa bayan an ɗora shi a sikeli.