Darasi: Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar Ƙarshe ta Ƙididdiga ta Intanet

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau na ɗaliban jami'a ne da ke karatu ta intanet, waɗanda jarrabawar ƙarshe ta ƙididdiga ta tunkaro su. Zan ɗauka cewa kowannenku yana da kwamfuta mai kyamara da kalkuleta, kuma ya san yadda ake fitar da matsakaici da yadda ake karanta jadawalin z, saboda haka ba za mu ɓata lokaci a kan waɗannan ba. Abin da nake so mu zauna a kansa shi ne wuraren da ɗalibi mai ƙoƙari yake zubar da maki alhali ya san karatun.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan kuwa, yawancin tambayoyin irin wannan jarrabawa na'ura ce take duba su. Malamin da ke duba takarda da hannu yana iya bin lissafinka layi-layi, ya ga inda ka zame, ya ba ka rabin maki saboda hanyar da ka bi daidai ce. Akwatin amsa na manhajojin karatu irin su Moodle ko Canvas lamba ɗaya kawai yake jira, tare da ɗan sassaucin da malami ya ware masa, kuma idan lambarka ta fita daga wannan sassauci, sifiri za ka samu ko da ka cika shafi uku da lissafi mai kyau.

Bari mu fara da abin da ya taɓa kayar da ni. Ga kalkuleta a hannuna, TI-84 ce, amma mai Casio ma zai ga abu makamancin wannan. Zan danna STAT, in shiga EDIT, in zuba lambobi biyar a L1, wato jeri na farko: 4, 8, 6, 5, 7. A'a, ku dakata, akwai ragowar lambobin darasin jiya a ƙasan jerin, kuma da na ci gaba a haka da duk amsar ta lalace. Wannan ma darasi ne. Idan za ku share jeri, ku hau kan sunan L1 ɗin, ku danna CLEAR sannan ENTER. Kada ku danna DEL, domin shi jerin gaba ɗaya zai ɗauke daga fuskar na'urar, ku shiga neman sa a tsakiyar jarrabawa. To, na share, na sake zuba lambobin, na koma STAT, CALC, na zaɓi 1-Var Stats.

Ku duba abin da ya fito. Matsakaici 6 ne, wannan babu gardama. Amma a ƙasa akwai layi biyu da suka yi kama da juna kamar tagwaye: Sx yana nuna 1.581, σx kuma yana nuna 1.414. Dukansu ma'aunin warwatsuwa ne, wato yadda lambobin suka yi nesa da matsakaicinsu, kuma dukansu daidai ne, sai dai kowanne da tambayar da yake amsawa. Mu yi shi da hannu domin ku ga inda suka rabu. Nisan kowace lamba daga 6 shi ne -2, 2, 0, -1, 1. Idan aka ninka kowanne da kansa, za a sami 4, 4, 0, 1, 1, jimilla 10. Idan waɗannan lambobi biyar su ne duk abin da ake bincike a kai, babu wani da ya rage a waje, sai a raba 10 da 5, a sami 2, a ɗauki tushen murabba'insa, a sami 1.414. Idan kuwa samfuri ne da aka tsamo daga cikin taro mai yawa, sai a raba 10 da 4, wato n, yawan lambobin, a cire 1, a sami 2.5, tushensa kuma 1.581.

Me ya sa ake cire ɗayan nan? Saboda matsakaicin da muka yi amfani da shi daga cikin samfurin kansa muka fitar da shi, kuma lambobin samfuri kullum sun fi kusa da matsakaicinsu a kan matsakaicin taron na gaskiya, don haka idan muka raba da n za mu riƙa samun warwatsuwa ƙasa da yadda take. Cire ɗaya yana gyara wannan ragin. Na san na daɗe a nan, amma ina da dalili. A jarrabawata ta farko ta ƙididdiga, σx na riƙa kwafa tun daga farko har ƙarshe, domin kawai alamar sigma ce na fi gani a littafi, kuma tun da tambayoyin a sarƙe suke, amsar farko tana shiga ta biyu, ta biyu tana shiga ta uku, sai kuskure ɗaya ya kwashe mini sashe sukutum. Na fito ina murna, sakamako ya zo ya sanyaya mini jiki. Masu aiki da Excel, ku ma wannan tarkon yana jiranku: STDEV.S na samfuri ne, STDEV.P na taron gaba ɗaya. A darasin ƙididdiga na jami'a, galibin tambayoyi a kan samfuri suke, saboda haka idan tambaya ba ta faɗa ƙarara cewa an ƙirga kowa da kowa ba, Sx za ku ɗauka.

Daga nan sai zaɓi tsakanin z da t, wanda shi ma ɗan wannan gidan ne. Idan tambaya ta ba ku warwatsuwar taron gaba ɗaya, wato σ, za ku yi aiki da z. Idan abin da kuke da shi s ne da aka lissafa daga samfuri, t za ku nema. Wani masani ne mai suna William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin, ya fito da wannan a 1908 da sunan aro Student, saboda aikinsa na ƙananan samfura ne, kuma z yana ba su tazara mafi ƙunci fiye da yadda ya kamata. Ga misali. An gwada mutum 25, matsakaici 50, s kuma 10, ana neman tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100, wato iyakoki biyun da ake sa ran matsakaicin taron yana tsakaninsu. Za a raba 10 da tushen 25, wato 5, a sami 2. Idan ka yi gaggawa ka ɗauki 1.96 da ka haddace, za ka sami 3.92, tazararka ta tashi daga 46.08 zuwa 53.92. Amma s aka ba mu, don haka jadawalin t za mu buɗe a layi na 25. Afuwan, layi na 24, domin df, wato lambar layin da ake nema a jadawalin t, shi ne n a cire 1. Kun ga ni ma har yanzu bakina yana zamewa. A layi na 24 ƙimar ita ce 2.064, a ninka da 2 a sami 4.128, tazarar ta zama daga 45.87 zuwa 54.13. Bambancin bai kai rabin lamba ba, amma ya isa na'ura ta ce ka faɗi. Wasu littattafan suna yarda a koma z idan samfuri ya kai 30, wasu kuma ba su yarda ba, saboda haka ku bi abin da malaminku ya koyar, tun da amsarsa ce aka ɗora a kan na'urar.

Lambobi uku na z ina so su zauna muku a ka ko da an ba ku takardar fomula: 1.645 na kashi 90, 1.96 na kashi 95, 2.576 na kashi 99. Neman su a jadawali yana cin minti guda a banza.

Sai maganar taƙaita lamba. Ƙa'idata ita ce ba na taƙaita komai sai a amsar ƙarshe. Ku ɗauki samfuri na mutum 30 mai s na 7. Idan aka raba 7 da tushen 30 za a sami 1.278 da 'yan kai. Wanda ya mayar da shi 1.3 don sauƙi, ya ninka da 2.045, wato ƙimar t a layi na 29, zai sami 2.66, wanda kuma ya bar lambar a cikin kalkuleta ya ninka zai sami 2.61. Ku yi amfani da maɓallin ANS, ku bar na'ura ta riƙe dogayen lambobin, sannan ku karanta ƙarshen tambayar ku ga lamba nawa ake so bayan ɗigo. Ku kuma lura ko 0.36 ake so ko 36, domin idan an riga an sa alamar kashi cikin ɗari a gefen akwatin, rubuta 0.36 kuskure ne.

A gwajin hasashe, inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe shi ne gefe ɗaya ko gefe biyu. Kalma ɗaya a cikin tambayar ce take yanke wannan hukunci. Idan ana tambayar ko abu ya fi wani, ko ya gaza shi, gefe ɗaya ne. Idan ana tambayar ko ya bambanta ko ya sauya, gefe biyu ne. Ku ga yadda wannan yake juya amsa: z ya fito 1.80, a gefe ɗaya ƙimar p ita ce 0.036, tana ƙasa da 0.05, sai a yi watsi da H0, wato hasashen cewa babu bambanci. A gefe biyu ninka ta za a yi, ta kai kusan 0.072, ta haura 0.05, hukunci ya koma akasin na farko. Lissafi ɗaya, amsa biyu masu karo da juna. Ni abin da nake yi, kafin in taɓa kalkuleta sai na rubuta H0 da kishiyarsa H1 a takarda, in zana ɗan tudun nan na jadawalin z in shafe gefen da ake magana a kai. Kuma idan p ta fi 0.05, a tambayoyin zaɓi ku nemi amsar da ta ce babu isasshiyar hujjar yin watsi da H0. Wadda ta ce an tabbatar da H0 gaskiya ne tarko ce.

Game da yadda za ku yi bita, ra'ayina shi ne sake karanta littafi babi-babi ba ya amfanar mutum sosai a makon ƙarshe. Lokacin da kake yin tambayoyin babin t, ka riga ka san t za ka yi amfani da shi, ba a gwada ka a kan zaɓi ba, alhali jarrabawar ƙarshe cakuɗa su take yi. Ku tattaro tsofaffin gwaje-gwajen zangon, ku gauraya tambayoyin, ku karanta kowace ɗaya ku faɗi irin gwajin da take buƙata da dalilinsa ba tare da kun yi lissafin ba. Tambaya ashirin a haka ba za ta wuce rabin awa ba. Na tsara wani kundi na tambayoyi gauraye a kan wannan salon, kowace da bayanin dalilin zaɓin, kuma masu halartar ajin bita da nake yi a ƙarshen mako da shi muke aiki. Mai so zai ga yadda ake samun sa a ƙasan bidiyon nan, amma tambayoyin malaminku ma sun wadatar idan kun gauraya su. Bayan haka ku yi cikakkiyar jarrabawar gwaji aƙalla sau ɗaya da agogo a gaba, da kalkuletar da za ku shiga da ita, da takardar fomular da aka amince da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a koyon sabuwar kalkuleta ranar jarrabawa.

Yanzu ga ranar kanta. Jami'o'i da yawa suna sa ido ta manhajoji irin su Respondus LockDown Browser, ko Proctorio, ko ProctorU. Wasu suna kulle kwamfutar ta yadda ba za ka iya buɗe komai ba sai shafin jarrabawa, wanda ke nufin idan da Excel ka saba, dole ka tambaya tun da wuri ko za a bar ka ka buɗe shi. Wasu za su nemi ka nuna katin shaida, ka zagaya da kyamara a ga ɗakin da teburin, ka nuna gaba da bayan farar takardar da za ka yi lissafi a kai. Ku sauke manhajar kwanaki kafin ranar, ku yi gwajin da aka tanada, ku duba irin kalkuletar da aka halatta, domin wasu malaman ba sa yarda da mai zana hoton lissafi, wato graph. Idan jami'ar tana wata ƙasa, ku tabbatar da agogon wane yanki aka rubuta lokacin da shi. Ku cika cajin kwamfuta, ku tanadi hanyar intanet ta biyu, ku kuma sanar da mutanen gida kada kowa ya shigo, tun da manhajar tana iya ɗaukar wata murya ko wata fuska a matsayin abin zargi. A ƙididdiga dole ka sunkuyar da kai ga takarda da kalkuleta, don haka ku ajiye su kusa da kwamfutar, inda kyamara za ta ga abin da kuke kallo.

Da an buɗe shafin, abu na farko da za ku duba shi ne ko ana iya komawa tambayar baya, domin malami yana iya kulle wannan. Idan ana iya komawa, ku tsallake duk tambayar da ta riƙe ku, ku yi mata alama, ku kwashe masu sauƙi tukuna. Idan ba a iya komawa, ku raba lokaci tun farko: tambaya 40 a cikin minti 120 minti uku-uku ke nan, kuma wadda ta cinye minti shida ku sa mata amsa mafi kusa ku wuce. Kafin ku tura kowace amsa ku yi mata kallon hankali na ɗan lokaci. Yiwuwar abu ba ta wuce 1, ba ta sauka ƙasa da sifiri. Ma'aunin warwatsuwa ba ya zama ƙasa da sifiri. R, wato ma'aunin alaƙa tsakanin jerin lambobi biyu, yana tsakanin -1 da 1. Matsakaicin samfuri kuma dole ya faɗo daidai tsakiyar tazarar amincewarsa.

Idan intanet ta yanke, kada ku rufe komai da gangan. Ku lura da lokacin da abin ya faru, ku sake shiga nan take, domin agogon jarrabawa yawanci ba ya tsayawa, amsoshin da aka riga aka adana kuma galibi suna nan. Idan shigar ta gagara, ku aika wa malami da sashen taimakon fasaha saƙo a lokacin, kada ku bari sai washegari. Da kun gama, ku danna maɓallin miƙawa, ku jira har shafin tabbatarwa ya bayyana kafin ku kashe kyamara. A darasi mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zuba lambobi biyu-biyu a L1 da L2 mu fitar da r da layin hasashe, don haka ku zo da kalkuletarku a share.