Waƙar "Oh Happy Day": Hannu Uku da Ta Bi Kafin Ta Iso Gare Mu

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Na baya, kuna jina? To, madalla.

An ce in yi magana a kan tarihin waƙoƙin sujada. In na ce zan kwaso su duka, a nan za mu kwana, shi ya sa na ɗauki guda ɗaya tak, wadda duniya ta sani da suna "Oh Happy Day", wato ranar farin ciki. Matasa sun san ta da tafi da rausaya. Dattawan da suka yi amfani da littattafan waƙoƙi na Turanci kuwa sun san ta a natse. Ina so mu bi sawunta, domin gardamar da muke yi a ikilisiyoyinmu kan kiɗa tana cikin labarinta.

Wanda ya rubuta baitocin wani fasto ne ɗan Ingila, Philip Doddridge. An haife shi a Landan a 1702, shi ne ɗa na 20 a wurin iyayensa, kuma yawancin 'yan'uwansa tun suna jarirai suka rasu. Bai gama girma ba ya zama maraya. Yana cikin Kiristocin da ba sa bin cocin gwamnatin Ingila, waɗanda a zamanin aka toshe musu ƙofar jami'o'in Oxford da Cambridge. Ya yi aikin fasto a garin Northampton, yana kuma riƙe da makarantar horar da masu wa'azi. Al'adarsa ita ce, in ya shirya wa'azi, sai ya tsara waƙa a kan ayar da zai yi wa'azin a kai, domin jama'a su tafi gida da saƙon a bakinsu. Mai wa'azi ya sani, kafin a kai bakin ƙofa an manta rabin abin da ya faɗa, amma waƙa sai ta bi mutum har gona.

Tarin fuka ya kama shi, aka kai shi Lisbon ta ƙasar Fotugal ko zai sami sauƙi, a can ya rasu a 1751. Bai ga waƙoƙinsa a buge ba. Abokinsa Job Orton ne ya tattara su, fiye da 350, ya buga a 1755.

Ku buɗe 2 Tarihi sura 15, domin a kan aya ta 15 ya gina wannan waƙa. Sarki Asa ne ya tara mutanen Yahuza a Urushalima bayan ya kawar da gumaka, suka yi alkawari za su nemi Ubangiji da dukan zuciyarsu, suka kuma yi murna saboda rantsuwar da suka yi. Don haka ranar farin cikin da Doddridge yake nufi ita ce ranar da mutum ya tsai da zaɓinsa a kan Mai Ceto, ya ɗaure kansa da wa'adi. Baitocin suna maganar alkawarin da aka ƙulla aka gama, da zuciyar da ta daɗe a rabe yanzu ta sami wurin hutawa, da wa'adin da za a riƙa sabuntawa har ranar mutuwa. Waƙar ɗaukar nauyi ce, shi ya sa ta zama ta ranar baftisma. Kada ku rufe wurin, za mu dawo.

Hannu na biyu ya zo bayan shekara ɗari. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin manyan tarurrukan farkawa, aka liƙa wa waƙar amshi, aka ɗora ta a kan muryar da ake dangantawa da wani masanin kiɗa na Ingila, Edward Rimbault. A haka ta fito cikin wani littafin waƙoƙi da aka buga a Boston a 1854. Wannan amshi shi ne mai cewa ranar farin ciki ce da Yesu ya wanke zunubaina, ya koya mini yin tsaro da addu'a. Ku lura da kyau: layin da kowa ya fi sani a waƙar nan, Doddridge bai taɓa jinsa ba.

Sai hannu na uku. Edwin Hawkins, haifaffen Oakland a jihar Kalifoniya a 1943, makaɗin piyano ne tun yana yaro a ikilisiyar baƙar fata ta Church of God in Christ. A 1967 shi da Betty Watson suka haɗa ƙungiyar mawaƙa ta matasan ikilisiyar a arewacin jihar. Suna neman kuɗin tafiya babban taron matasa, sai suka ɗauki waƙoƙi a cikin majami'arsu ta Berkeley da na'ura mai sauƙi, suka buga faifai 500 don sayarwa. Irin abin da kwayar kowace ikilisiya a nan take yi ke nan in tafiya ta taso.

Me ya yi wa waƙar? Ya ajiye baitocin Doddridge, ya riƙe amshin. Tsohuwar murya bugu uku-uku take tafiya, ya mai da ita huɗu-huɗu. Ya sa ganguna, ya sa piyano mai ɗanɗanon kiɗan Latin Amurka. Ya ba Dorothy Morrison, mace mai kakkaurar murya, ta riƙa bayarwa a hankali, mawaƙa suna amsawa ƙasa-ƙasa, sannan a tsakiya su fashe gaba ɗaya kamar an buɗe madatsar ruwa. Bayarwa da amshi ba baƙon abu ba ne a kunnenmu, matan zumunta kullum haka suke yi.

A farkon 1969 wani gidan rediyo a San Francisco, wanda kiɗan duniya yake sawa, ya fara sa faifan. Kafin a ce kwabo waƙar ta kai ta 4 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ta 2 a Birtaniya, ta 1 a Jamus. A 1970 ta ci Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka. Ku tuna wane lokaci ne: an kashe Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata a Amurka, a 1968, yaƙin Vietnam yana cin samari, ga kuma sunan Yesu yana fita daga rediyon motoci da wuraren rawa.

Shugabannin ikilisiya da yawa ransu ya ɓaci. Suka ce an kai abu mai tsarki kasuwa. Har sunan ƙungiyar aka sauya, ta koma Edwin Hawkins Singers. Ni ba na raina damuwarsu, iyayena. Wanda ya ga ana rawa da waƙar baftismarsa a inda ake shan giya, dole zuciyarsa ta sosu. Thomas Dorsey ma, wanda ake kira uban waƙar bishara ta baƙar fata, an rufe masa ƙofofin majami'u a shekarun 1930 saboda kiɗansa.

Amma ku koma 2 Tarihi 15, ku karanta aya ta 14. Yaya mutanen Asa suka yi rantsuwar? Da babbar murya, da sowa, da kakaki, da ƙaho. In batun ƙara ne, samarin Berkeley sun fi kusa da Urushalima ta wannan rana fiye da mu masu rerawa kamar muna jin barci. A nan ina bayan Hawkins, kuma ba na ɓoyewa.

Inda nake jin zafi daban ne. Da aka ajiye baitocin, alkawarin ya tafi tare da su. Abin da ya rage shi ne abin da Yesu ya yi mini, gaskiya ne kuwa, shi ne tushen komai. Amma abin da ni na ɗauka a kaina, wa'adin da na yi a gaban shaidu, babu shi a waƙar da miliyoyin mutane suka haddace. Na sha tambayar matasan kwaya ko sun san waƙar tana da baitoci, sai su dube ni da mamaki. Ba laifinsu ba ne, mu ne ba mu koya musu ba.

Hawkins ya rasu a Janairun 2018, yana da shekara 74.

Yanzu mai piyano, zo ka zauna. An raba muku takarda mai baiti na farko da na uku. Za mu rera su da tsohuwar murya, uku-uku, a hankali. In mun iso amshi, mai ganga ya shigo, 'yar'uwarmu ta bayar, mu amsa. Iyayena, wanda zai iya tashi ya tashi.