Sauya shokozobar baya ta Mustang a ƙofar gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba daga nan Jidda. Da sassafe muka fito, don in rana ta ɗaga ƙarfe ba ya taɓuwa. Motar ƙanena ce, Ford Mustang ƙirar 2012, shi ne ke riƙe da waya yana ɗaukarmu. Bayanta ya fara rawa, in ta hau tudun rage gudu sai ta yi ta lilo kamar kwale-kwale. Matso da waya, auta. Kun ga man da ya jiƙe jikin shokozobar nan? Ta mutu ke nan. Shokozoba, wadda masu kayan gyara a nan ke kira musa'adat, in kun je saye.

Na riga na ɗaga motar, na ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, taya na ƙasa. Wannan kowa ya iya.

Daga 2005 zuwa 2014 bayan Mustang ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ke riƙe da tayoyin biyu, sifirin daban, shokozoba daban, shi ya sa aikin ke da sauƙi. Daga 2015 suka sauya tsarin, kowace taya da nata. Shokozobar gaba kuwa sifirin na naɗe a jikinta, sai da abin matse shi, kuma in ya kuɓuce yana iya karya mutum. Wannan darasin wata rana ne.

To, a tura jak ƙarƙashin ƙarfen nan ya tallabe shi, kada ya zube in an kwance. Sai but. A janye kafet ɗin gefe, ga notin sama nan. Miƙo min sifana sha bakwai... a'a, sha biyar ce, yi haƙuri. Kun ga ina juyawa, sandar shokozobar tana juyawa tare da shi? Haka za ka yi ta yi har azahar. Sai ka kama kan sandar da ƙaramar sifana, sannan notin ya saki. Kan sandar fa, can ƙarshe. Kada ka damƙi jikinta mai sheƙi da filaya, musamman sabuwa, ƙarzuwa kaɗan ce za ta cinye robar da ke tsare mai.

Na ƙasa kusa ɗaya ce, ta fito. Ga tsohuwar, na danna ta da hannu ɗaya, ko dawowa ba ta yi.

Sabuwar ta kamfanin Bilstein ce. Ni ita nake so, amma tana da tauri, mai son laushi ya nemi KYB, ta fi sauƙin kuɗi ma. Na tashlih kuwa, wato inda ake sayar da kayan matattun motoci, ban ba ku shawara ba. Kuma biyu ake sauyawa tare, dama da hagu. Mai buƙata ya yi min magana, ina kawowa.

Yanzu ku saurara, nan ne na taɓa shan wahala. Kusar ƙasa a zura ta, a ɗaure da hannu kawai. Kada a matse tana rataye. Sai an ɗaga jak har nauyin motar ya zauna kan ƙarfen, kamar tana tsaye a ƙasa, sannan a matse. Me ya sa? Robar da ke cikin idon shokozoba tana kamewa ne a inda aka matse ta. In ka matse a rataye, ka sauke mota, robar ta murɗe, kuma a murɗe za ta zauna kullum har ta yage. Na yi wa tawa haka shekarun baya, ban daɗe ba ƙara ta dawo, na yi ta zargin mai shago alhali laifina ne.

Na sama kuma kada a danne har roba ta baje, a duba littafin mota a bi awon da ya faɗa. Na mayar da taya, na sauke motar. Auta, ajiye wayar nan ka zo ka danna bayan mu gani. Sau ɗaya ta dawo ta tsaya. Zagayo da jak, mu koma hagu.