Ƙuri'ar Sanata da Kuɗin da Muke Aikawa Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayenmu maza da mata, malamanmu, da 'yan'uwan da suka yi sammako daga Maine zuwa nan Boston, sannunku da hanya.

An ce in yi magana kan zaɓe, ni kuwa da rasit zan fara. Duk wanda ya je aika kuɗi Kano ko Maraɗi ko Kumasi, kafin ya biya sai an nuna masa nawa za a caje shi, a nawa aka yi canji, nawa kuma zai shiga hannun Inna. In ya fasa cikin minti 30, a mayar masa da kuɗinsa. In saƙon ya maƙale, yana da kwana 180 na kai kuka. Ba kirkin kamfanoni ne ya kawo haka ba. Dokar Dodd-Frank ce ta 2010, wadda ta kafa CFPB, hukumar kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna da kamfanonin kuɗi, ƙa'idar kuma ta fara aiki a Oktoban 2013.

A Majalisar Dattawa dokar ta wuce da ƙuri'a 60 da 39. 'Yan Republican uku kacal suka mara mata baya: Scott Brown, sanatanmu na nan a lokacin, da Olympia Snowe, da Susan Collins ta Maine. Kan Collins ɗin zan tsaya, don tafiyarta ba miƙaƙƙiya ba ce.

A Oktoban 2017 aka kawo ƙudurin rushe ƙa'idar da ta ba mutane damar haɗa kai su maka banki a kotu, maimakon a ja kowa ɗaki shi kaɗai a ce sasanci. Aka yi kunnen doki, 50 da 50, Mike Pence, mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ya raba gardama, ƙa'idar ta mutu. Collins tana cikin masu rushewa. Da ita kaɗai ta juya, da ƙa'idar ta sha. A Maris 2025 ma haka: an so a mayar da tarar da manyan bankuna ke ci in ka zarce abin da ke asusunka zuwa dala 5, alhali wasu na karɓar dala 35. Aka soke wannan ƙa'ida da 52 da 48, da ƙuri'arta a ciki. Direbobin tasinmu sun san zafin wannan tara, ba sai an faɗa musu ba.

Sai ga Yulin 2025, Collins ta ƙi babbar dokar harajin da ta ɗora kashi 1 cikin 100 kan kuɗin da ake aikawa waje. Kada mu yi saurin tafi. Yankan kuɗin Medicaid, shirin lafiya na masu ƙaramin ƙarfi, shi ne dalilin da ta bayar, ba aljihunmu ba, kuma dokar ta wuce. Af, harajin kan tsabar kuɗi yake, daga Janairun 2026. Wanda ya tura ta asusun banki ko katin bankinsa na nan bai shiga ciki ba, ku gaya wa iyayenmu mata masu zuwa shago da kuɗi a hannu.

Roƙona, Shugaba, a ware mana matasa biyu su shiga shafin Majalisar, inda sunan kowane sanata yake tare da e ko a'a ɗinsa, su fitar mana da waɗannan ƙuri'u huɗu na sanatocin jihohinmu kafin taro na gaba. Duk ɗan takarar da ya zo gaisuwar Sallah bana, da takardar za mu tarye shi.

Wassalamu alaikum.