Baƙuwar Kainuwa a Kogin Kwara: Yadda Ake Gano Ta, Yadda Ake Tare Ta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Ku ƙaddara kuna tsaye a bakin kogi, ga wani koren shimfiɗi a gabanku. Wanda bai sani ba zai ce fadama ce da ta sha damina, har ya yi niyyar takawa. To, ruwa ne a ƙarƙashi, mai zurfin da zai shanye mutum. Abin da ya rufe shi ciyawa ce da ta zo mana daga wata duniya, kuma a yau za mu bi sawunta ne a Kogin Kwara, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira Kogin Isa, mu ga yadda ake gano ta tun tana ƙarama da yadda ake rage mata ƙarfi.

Da farko mu bambance ta da kainuwar da muka saba gani a tafkuna da kududdufai, mai ganye fari-fari da gashi-gashi, wadda ke kwance a kan ruwa. Wannan baƙuwar ta fi ta tsayi nesa ba kusa ba. Ganyenta kore ne shar, mai sheƙi da santsi. Ku lura da ƙasan ganyen, inda ya kumbura. In ka tsaga wurin da wuƙa za ka tarar da soso-soso cike da iska, shi ne ke riƙe ta bisa ruwa. Ciro ta ka ga saiwa baƙa, mai yawa, tana reto ba ta kama ƙasa ba. Furenta kuwa shuɗi ne mai ratsin shunayya, da ɗigon rawaya a jikin ganyen furen da ke sama. Kyan furen nan shi ya jawo mana wahala, domin saboda shi masu sha'awar lambu suka ɗauko ta daga yankin Kogin Amazon a Kudancin Amurka suka yi ta kai ta ƙasa-ƙasa. Ta isa Masar tun kafin shekarar 1900. A shekarun 1950 ta mamaye Kogin Kwango, ta kuma bayyana a Farin Nil na Sudan. A Najeriya an fara ganin ta a 1984 a ruwan Badagiri, ta shigo daga Jamhuriyar Benin. Ba a jima ba aka gan ta a Kogin Kwara, daga Bamako zuwa Yamai zuwa tafkin Kainji. Wani babban rahoton masana na duniya da ya fito a 2023 ya sa ta a kan gaba cikin baƙin tsirrai da dabbobin da suka fi bazuwa a doron ƙasa.

Me ya ba ta wannan ƙarfi? A can gidansu tana da abokan gaba, ƙwari da cututtuka da suka saba cin ta. Da aka ɗauko ta, su aka baro a can. A nan ta samu rana, ta samu ruwa mai ɗumi, ta samu abinci daga kwatamin birane da takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Uwa ɗaya tana miƙa reshe a gefe ta haifi 'ya, 'yar ma ta miƙa nata. In yanayi ya yi mata daɗi, cikin kamar mako biyu faɗin da ta rufe yakan ninka. Sannan tana zubar da iri, kuma irin na iya kwanciya cikin laka shekara ashirin yana jiran ruwa. Shi ya sa wanda ya share ta bana bai kamata ya yi tsammanin ya gama da ita ba.

Masunta ne suka fi kowa sanin ɓarnarta. Kwalekwale ba ya ratsa ta, raga takan sarƙe ta yage, injin jirgin ruwa yakan shaƙe. Ƙarƙashin shimfiɗin babu hasken rana, iskar da kifi ke shaƙa a ruwa tana ƙaranci, sai kifi ya ƙaura ko ya mutu. Sauro na samun mafaka, haka ma dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. A Mali ta sha toshe magudanan noman rani na yankin Markala da mashigar ruwan tashar lantarki ta Sotuba a Bamako.

Yanzu ku dubi taswira. Kogin Kwara ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya shiga Nijar, ya goga iyakar Benin wajen Gaya, ya faɗo Najeriya ta jihar Kebbi, tafiyar kimanin kilomita 4,200 kafin ya kai teku. Ciyawar da ta tsinke a sama, ambaliya ce ke kawo ta ƙasa. Don haka in mutanen Yawuri suka fito kwansu da kwarkwatarsu suka share mashigarsu tas, amma ba a taɓa wadda ke maƙale a rassan kogi can sama ba, ruwa na gaba zai sake kawo musu wata. Wannan shi ne jigon maganar yau. Ciyawar nan da kogi take tafiya, saboda haka aikin yaƙar ta ma dole a tsara shi bisa kogin baki ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Ba a rasa inda za a zauna a tsara ba. Hukumar Kula da Kogin Neja, wato Kogin Kwara, tana da mazauni a Yamai, da ƙasashe tara a cikinta, kuma ƙungiyar ECOWAS ta taɓa gudanar da shirin haɗin gwiwa na yaƙi da ciyayin ruwa da tallafin Bankin Raya Afirka. Abin da ke damuna shi ne irin waɗannan shirye-shirye sukan tsaya ranar da kuɗin tallafi ya ƙare, alhali irin yana nan kwance a laka.

To yaya ake sa ido a kan kogi mai wannan tsawo? A nan tauraron ɗan'adam ya sauƙaƙa abubuwa ƙwarai. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton wuri guda kusan duk bayan kwana 5, kuma hotunan kyauta ne ga duk mai intanet. Kowane ɗigo a hoton yana wakiltar fili mai faɗin mita 10. Dabarar da ake amfani da ita mai sauƙin fahimta ce. Akwai wani nau'in haske da idon ɗan'adam ba ya gani, wanda ruwa ke shanyewa, ɗanyen ganye kuwa ya mayar da shi sama. A hoton da aka ɗauka da wannan haske, ruwa yakan fito baƙi ƙirin, ciyawar da ke kansa ta fito tana walƙiya. A ce an jera hotuna biyu na wuri ɗaya, tsakaninsu 'yan kwanaki. Tsibiri ba ya motsi, gonar bakin kogi ba ta motsi, amma za a ga wani tabo mai walƙiya ya matsa gaba. Abin da ke yawo ke nan. In aka jera hotunan shekara guda, ana iya gane lungunan da take kwana a lokacin rani, waɗanda daga nan take fantsama in ruwa ya ƙaru. Waɗannan lungunan su ya kamata a fara kai wa hari.

Sai dai tauraro yana da iyakarsa. Da damina gajimare kan rufe masa ido, sai a koma ga Sentinel-1 mai aiki da na'urar rada, wadda ke ratsa gajimare. Tauraro ba ya ganin 'yar ƙaramar tarin da ke maƙale a gindin gada, alhali ita ce ta fi sauƙin kashewa. Kuma daga sama yana iya rikita baƙuwar kainuwa da burgu, ciyawar nan ta ruwa da makiyaya ke dogara da ita da rani. Wanda ya tura masu feshi bisa hoton tauraro kaɗai zai iya ƙone wa Fulani abincin shanunsu. Saboda haka dole wani ya shiga kwalekwale ya je ya gani da idonsa. A nan nake ganin an fi yin sakaci da dukiyar da ke hannu. Sarkin ruwa da masuntansa suna kan kogin kullum safiya, sun san kowane lungu da sunansa. Hoto ɗaya a waya, tare da alamar wurin, a tura ta WhatsApp ga jami'in da zai amsa, ya isa ya cece yanki guda. Sharaɗin kawai shi ne a samu mai amsawa, domin wanda ya kai rahoto sau biyu bai ga kowa ba, ba zai kai na uku ba.

Mu zo ga magani. Cirewa da hannu tana aiki sosai in abin bai yi nisa ba, kuma ita ce ta dace da mashigar gari da magudanan ruwa. Amma ku tuna kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, aiki ne mai karya ƙugu. Injinan yanka suna buɗe hanya da sauri, sai dai suna da tsada, kuma guntayen da suka tsere kowanne na iya zama sabuwar uwa. Maganin feshi yana kashe ta, an yi shekaru ana amfani da shi a Sudan. Matsalarsa ita ce tulin da ya mutu yana ruɓewa ne a cikin ruwan, ya cinye iskar da kifi ke bukata, ga shi kuma ruwan nan shi mutane ke sha. A tafkin Kainji an bi wata hanya a ƙarshen shekarun 1990, ƙarƙashin shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan kamun kifi: aka gitta shinge mai yawo bisa ruwa a sama da tafkin don ya tare ta, al'ummomin bakin ruwa kuma suna kwashewa.

Hanyar da ta fi ba ni ƙwarin gwiwa ita ce a kawo mata abokan gabanta na gida. Akwai wasu ƙananan ƙwari iri biyu masu dogon baki, da masana ke kira Niyoketina, dangin ƙwaron da ke huda hatsi a rumbu. Babban yana kankare fatar ganye da dare, ya bar ƙananan tabo. Macen tana saka ƙwai a jikin ganyen, tsutsar ta fito ta yi ta rami cikin soso-soson nan har zuwa gindi. Ruwa ya shiga ramin, ruɓa ta biyo baya, ciyawar ta tsumbure, ta rage haihuwa, a ƙarshe ta nitse. Tambayar da manomi zai yi, kuma yana da gaskiya, ita ce: in ƙwaron ya gama da kainuwa ba zai koma kan shinkafata ba? An gwada su a kan amfanin gona iri-iri kafin a sake su, kuma an yi shekaru da dama ana amfani da su a ƙasashe masu yawa ba su zama annobar gona ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai suna IITA ta sake su a kudancin Benin a farkon shekarun 1990. A tafkin Biktoriya, inda ciyawar ta toshe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya, an fara sakin su a tsakiyar shekarun 1990, ana kiwon su a tankuna kusa da ƙauyukan masunta, su masuntan ke kai su cikin ruwa. Kafin shekarar 2000 shimfiɗin ya ragu ƙwarai, ko da yake ruwan sama da guguwar 1997 zuwa 1998 sun taimaka wajen wargaza shi. Ta sha dawowa bayan nan, domin ƙwaron yana rage ta ne, ba ya ƙarar da ita, kuma yana bukatar shekaru uku zuwa biyar kafin a ga aikinsa. In aka yi feshi a inda aka sake shi, an kashe masa abinci da gida.

Kogin Sanagal ya nuna amfanin hanzari. A 1999 wata baƙuwar ciyawar ruwa mai suna salbiniya ta ɓalle a can, ta doshi gandun tsuntsaye na Juj, har aka sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya da ke cikin haɗari a 2000. Sanagal da Muritaniya suka shigo da ƙwaron da ke cin ta, cikin 'yan shekaru ta lafa, aka cire gandun daga jerin a 2006.

Wani zai ce, to kachalar da ta addabi Haɗeja da Nguru fa? Ita ba daga ƙetaren teku ta zo ba, amma darasinta ya shafi maganarmu. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani yadda ya saba, sai kachala ta samu danshi shekara zagaye, ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya samu wurin kwana kusa da gonakin shinkafa. Kamar yadda yankan kachala ba ya ɗorewa sai an gyara yadda ake sakin ruwa, haka kwashe kainuwa ba ya ɗorewa muddin kwatamin Bamako da Yamai da garuruwanmu na bakin kogi suna ci gaba da yi mata taki.

Ana iya cin moriyar wadda aka kwaso. A Nijar masu lambu na yin takin gargajiya da ita, a kudancin Najeriya kuma ana saƙa kwanduna da busasshen karanta. Ina goyon bayan hakan, da sharaɗin kada wani ya ɗauki ɗanya ya kai wani tafki don yana son ya samu abin sana'a kusa da gida. In kun kwaso ta, ku ja ta can sama da inda ambaliya ke kaiwa, ku baza ta a rana ta bushe ƙayau kafin ku tara. In za ku sauya ruwa, daga kogi zuwa wani dam ko tafki, ku duba cikin kwalekwale da raga da ƙafar inji, ku cire ko da tsinke ɗaya ne. In kuwa kun ga furen nan mai ɗigon rawaya a ruwan da ba a taɓa ganin sa ba, ku ɗauki hoto, ku cire shi nan take tun kafin ya zubar da iri, sannan ku sanar da sarkin ruwa da jami'in gona na yankinku.